An Ɗage

Shekara talatin da ɗaya ina zaune
a gindin darbejiyar kotun Kanpur,
ni da tafireta mai karkataccen haƙori,
ina buga wa mutane rantsuwarsu.
Na san warin fayil in damina ta taɓa shi,
na san tarin da alƙali kan yi
kafin ya ce an ɗage.

Amma da takwas da rabi na dare
Kusumlata kan sauke tukunyar dal,
ta goge hannu da bakin sarinta,
ta ce, "Omkar, gusa, ka tare min Tarini."

Tarini lauya ce, gidanta cikin talabijin.
Baƙar rigarta ba ta san gumi ba.
Tana ƙarar ministan da ya haɗiye filin manoma,
zuciyarta kuwa tana aljihun ɗansa.
Da rana ta nuna shi da yatsa gaban alƙali,
da dare ruwan sama ya tare su a rumfa guda.
Ruwan nan kullum ya san inda suke.

Na ce, "Ƙarya ke nan!
Wa ke shigo da shaida a banko ƙofa, ana kiɗa?
Shari'ar gonar ubana ta girmi 'yarmu,
ta ga alƙalai bakwai, ta raka lauyoyi biyu bakin Ganga.
Su kuwa daga Litinin zuwa Juma'a
an kai ƙara, an yi zaɓe, an sace ƙuri'a,
har an sami lokacin kuka."
Ta ce, "Ci capatinka, ba kai aka ɗauka ba."

Daren hukunci unguwa ta yi tsit,
mai shayi ya kife kofunansa na yumɓu.
Takardar da za ta ɗaure uban masoyinta
tana rawa a hannun Tarini,
alƙali ya ɗaga guduma,
sai wuta ta ɗauke.

Ihu ya tashi daga soro zuwa soro,
birai suka watse a kan katanga,
Bansal maƙwabcinmu ya rantse
ba zai ƙara zaɓen kowa ba.

Kusumlata ta kunna fitilar kasko.
"Kai masanin doka, me za ta yi?"
Na ce, "A doka, janyewa ya kamata ta yi tun farko."
Ta yi dariya har harshen wutar ya sunkuya.
"A doka! Ji mutumin da ya aiko min wasiƙar farko
a takardar kotu, da kan sarki a goshinta."

Ni na manta. Ita ta jawo gwangwani
daga ƙarƙashin tufafin biki.
Ga haƙorin tafiretata, a karkace tun a lokacin:
"Ni mai suna a ƙasa, da hankalina,
ba tare da tilas ba, ina rantsuwa..."
Ta karanta har ƙarshe, ba ta duba layi ba.
Na ce, "To, me kotu ta gani?"
Ta ninke takardar a tsohuwar karyarta.
"Ana kan bincike," in ji ta. "An ɗage."

Wuta ta dawo ana tallar sabulu.

Da safe wata mata ta zo daga ƙauye,
takardun filinta a leda, yaro a kafaɗa.
Ta leƙa ƙofar kotu, ta sassauta murya:
"Akwai irin Tarini a ciki?"
Na buɗe baki in ƙirga mata shekaru,
sai na ga hannuna yana zura takarda.
Na ce, "Zauna a inuwa, 'yar'uwa.
Faɗi sunanki a hankali."